Kilomita 7 tsakanin gida da gonar kaji a Gombe, wata takwas muna fama da haɗin rediyo

Asalin matsalar

Wani Alhaji ne a nan Gombe, ba sai na kama suna ba, yana da gonar kajin ƙwai a bayan gari ta hanyar Dadin Kowa kafin ka kai Kwadon, ɗakunan kaji huɗu da sito da ɗan ofis. Damuwarsa ɗaya ce, kiret ɗin ƙwan da ake rubutawa a littafi da wanda ke isowa shago ba sa taɓa zama ɗaya, kullum sai an samu giɓi, shi kuma ba mutumin da zai wuni a gona ba ne. Sai ya sa aka kafa masa kyamara 8 da na'urar da ke ajiye hotunan a ofishin gonar. Kyamarori na aiki lafiya lau, amma fa sai ka tako ka zo gonar ka zauna gaban allo kafin ka ga abin da ya faru, to ai ba a rage komai ba kenan.

A gida yana da Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, ga sola da inbata, a gonar ma akwai sola saboda bohol. Abin da yake so shi ne ya zauna a falonsa ko yana Kano ko Abuja ya buɗe waya ya ga sito.

Nuwamba zuwa Disamba: rawuta mai layin waya

Kafin a kira ni an fara sa rawuta mai cin layin waya a ofishin gonar. Sabis a wurin sanda ɗaya ne wani lokacin biyu, da rana hoto ya riƙa tsayawa, da dare ya ɗan saki. Sai kuma data. Kyamara ɗaya in tana tura megabit 2 a daƙiƙa ba tsayawa, a kwana ɗaya ta cinye sama da giga 21, ka lissafa guda 8. Ko da ba kullum ake kallo ba sati bai cika ba data ta ƙare. Aka ba shi shawarar ya sayi Starlink na biyu ya ce a'a, "Injiniya ni fa ba zan riƙa biyan kuɗin wata sau biyu ba, ga na gida can rabi ma ba ma amfani da shi, ba yadda za a yi a jawo shi?"

Akwai yadda za a yi. Rediyo biyu ne masu faranti, ɗaya a gida ɗaya a gona, kowanne na kallon ɗan'uwansa, sai su zama kamar ka ja doguwar waya ta iska. Ba a biyan kuɗin wata, amma sharaɗinsa dole su ga juna.

Farkon Janairu: duba wuri da lissafi

Na ɗauki lambar wuri a saman benen Alhaji da kuma ofishin gona, na ja layi a Google Earth, ya ba ni kilomita 7 da 'yan mitoci. Na duba hawa da gangaren ƙasa a kan layin, babu tudun da ya tare. Muka hau saman bene ni da yarona don mu gani da ido, hazo ya rufe ko'ina, lokacin tsakiyar hunturu ne, kilomita 2 ma da ƙyar kake gani. A gona ma haka. Muka ce tunda taswira ta nuna babu tudu shikenan.

Kayan da muka zaɓa LiteBeam 5AC ne na Ubiquiti guda biyu, ƙarfin farantinsu 23 dBi, suna aiki a zangon 5 GHz, wutarsu bolt 24 ce da ke bi ta cikin kebul ɗin netwok daga 'yar adaftar da ake kira PoE. A gida na haɗa su a kan tebur tun kafin mu fita, na shiga ta 192.168.1.20 da suke zuwa da shi, na ba kowanne adireshinsa, na canza kalmar sirri, ɗaya ya zama mai bayarwa ɗaya mai karɓa, na ga sun kama juna sannan na rubuta GIDA da GONA da maka a jikinsu. Wannan aikin a ƙasa ake yinsa, ba wanda zai so ya buɗe laftof yana rataye a kan fol.

Lissafin sigina kuwa ga shi. A kilomita 7 a kan 5.8 GHz, abin da ke ɓacewa a iska kawai kusan 125 dB ne. Rediyo na fitar da 20, faranti biyu sun ƙara 23 da 23, in ka cire 125 sai ya rage kusan -59 dBm. Wanda bai saba ba, lambar nan mai alamar ragi ce, -59 ya fi -79 ƙarfi nesa ba kusa ba, duk 3 dB rabin ƙarfi ne, 20 dB kuwa ninki ɗari ne. Na yi lissafin a kan takarda na bar takardar a gida.

Tsakiyar Janairu: ranar kafawa

A gida muka ɗaure rediyon a jikin ƙarfen tankin ruwa na saman bene. A gona mai walda ya kafa mana fayif mai tsawon mita 6 a jikin bangon ofis. Yarona yana gida ni ina gona, muna waya, sabis na yankewa. Na sa kamfas na wayata na juya faranti inda ya nuna, shi ma haka, can sai ga su sun kama juna a -84. Murna ta kama mu, shi yana juya nasa ni ina juya nawa lokaci ɗaya, lamba na hawa tana sauka ba wanda ya san hannun waye ya motsa ta, har muka kai -79 ta ƙi wucewa, ka matsa hagu ta faɗi ka matsa dama ta faɗi. Magariba ta kusa, muka ɗaure noti. Intanet ya zo gona, an buɗe WhatsApp, masu gadi har da tafi.

Kwana biyu Alhaji ya kira, kyamara ɗaya ko biyu suna buɗewa amma in ya buɗe duka 8 sai komai ya tsaya. Da daddare na ci karo da takardar nan, -59, mu kuma muna -79. Ashe a kan kunnen sigina muka ɗaure.

Abin da ake nufi, farantin nan kamar tocila yake, akwai tsakiyar haske mai ƙarfi, sannan a gefe akwai wani zoben haske mara ƙarfi, tsakaninsu duhu. In ka faɗa kan zoben za ka ga lamba ta hau ta tsaya, ko ta ina ka matsa sai ta sauka, sai ka ɗauka ka iso alhali tsakiyar na can gaba bayan duhun. Ga kuma kamfas da na riƙe dab da fayif ɗin ƙarfe da kwanon rufi, dole ya yi ƙarya. A wannan nisan digiri ɗaya kacal ya kai mita 120 a ɗaya gefen.

Gyaran saiti, kwana huɗu bayan nan

Muka jira daren da hazo ya ɗan yi sauƙi, yarona ya hau da babbar fitilar sola saman bene bayan isha'i yana kunnawa yana kashewa, ni ina saman tsani a gona har na hango ɗan ɗigon haske yana ƙiftawa, can dama da inda farantina ke kallo. Na ja layi da alli a kan kwano.

Washegari da safe muka sake, amma wannan karon mutum ɗaya ke taɓawa. Na ce masa kar ka taɓa naka sai na ce. Na sassauta noti na fara hagu da dama a hankali, in na matsa kaɗan sai na cire hannu na ƙirga biyar saboda lambar ba nan take take canzawa ba, kuma in ka tsaya gaban farantin kai kanka kana tare shi. Daga -79 ta faɗi -86, zuciya na cewa koma, na ci gaba, sai ga -74, -70, -68. Na wuce da gangan har ta sake faɗuwa don in tabbatar babu wata a gaba, na dawo. Sannan sama da ƙasa, ta ƙara 2. Sai na ce to bismillah naka. Minti goma sai na ji ya ƙwalla, "Oga sittin da ɗaya!" Wajen ɗaure noti ma sai da muka sa ido, in ka matse gefe ɗaya gaba ɗaya faranti na karkacewa, sai kaɗan nan kaɗan can kana kallon lamba. Muka tsaya a -61, hannayen sigina biyu da rediyon ke nunawa, na tsaye da na kwance, bambancinsu 1 ne kawai. A faɗin tasha 40 MHz, wato faɗin hanyar da sigina ke bi, gwajin gudu ya wuce mega 100, kyamarori duka ba su kai 20 ba.

Maris: yankewar tsakar rana

Wata ɗaya da rabi shiru. Da zafi ya shigo sai aka fara, daga wajen sha biyu zuwa la'asar haɗin ya yanke minti biyu ya dawo, a rana sau huɗu sau biyar. Na fara zargin wata rediyon ce ke shiga mana tasha, na buɗe airView, wani shafi a cikin rediyon da ke nuna hayaniyar kowace tasha, na duba, ta ɓangaren gida akwai hayaniya kaɗan tunda cikin gari ne, na canza tasha zuwa inda ya fi shiru. Bai hana ba. Na zargi inbata, na sa mita, wuta tsaye take.

Abin da ya tona asiri shi ne agogon da ke nuna tsawon lokacin da rediyo ya yi a kunne. Na gida ya nuna kwana 19, na gona minti 40. Kenan ba sigina ke ɓacewa ba, rediyon gona ne ke mutuwa yana tashi. Na bi kebul, mita 65 ne saboda an zagaya da shi ta bayan sito, wanda mai kyamara ya bari ne na yi amfani da shi don a rage kuɗi. Na yanki guntu na kankare da wuƙa, jan ya fita sai fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan yana cinye wuta a hanya fiye da jan ƙarfe zalla, in ya ɗau zafin rana abin ya ƙaru, bolt 24 ba ya isa sama cikakke, rediyo na neman jan wuta sai ya ɗauke. Bayansa ma ya fara tsagewa sabida na cikin ɗaki ne. Muka sa na waje mai baƙin baya, jan ƙarfe zalla, muka miƙe hanya ya dawo mita 30, muka bar ɗan lanƙwasa a ƙasan rediyo da bakin bango don ruwa ya ɗiga ƙasa kar ya bi waya ya shiga. A nan ne kuma muka sa akwatin kare tsawa sama da ƙasa, muka binne sandar jan ƙarfe muka haɗa. Yankewar ta tsaya a ranar.

Ƙarshen Afrilu: iskar farkon damina

Hadarin farko ya zo da iskar nan da ke kwashe kwano, da safe sigina -83. Fayif ɗin ya juya a cikin abin da ya riƙe shi, kuma siriri ne, ko ba iska sosai za ka ga kansa na rawa. Muka maida shi kan layin alli, mai walda ya like gindin, muka ɗaure shi da wayar ƙarfe ta ɓangare uku. Ya dawo -62. Wannan bai ɗau rabin wuni ba.

Yuni zuwa Yuli: sigina na zarewa a hankali

Nan ne abin ya ɗaure min kai. Ba rana ɗaya ya faɗi ba. Farkon Yuni -64, bayan sati biyu -68, shigowar Yuli -72, in an yi ruwa ya kai -77 sai an yi awa biyu ko uku da ɗaukewa ya ɗan dawo, in ana iska lamba ta riƙa rawa. Hannayen nan biyu da da suke tare yanzu ɗaya -70 ɗaya -77.

Kowa a gonar ya ce ai ruwan sama ne, kamar yadda dish ɗin talabijin ke ɗaukewa. Amma wancan zangonsa sama yake sosai, 5 GHz a kilomita 7 ruwa ba ya cin masa abin a zo a gani, kuma me zai sa ya ci gaba bayan ruwa ya ɗauke. Na sake saiti gefe biyu, ban samu ko 1 ba. Na ƙure ƙarfin rediyo, lamba ta ɗan motsa amma gudu bai ƙaru ba, wani lokacin ma sai ya ragu. Na canza tasha sau uku. Na ce ko tsawa ta taɓa rediyon gona, na aro wani na sa, lamba ɗaya sak. Abin da ya ɗan taimaka shi ne rage faɗin tasha daga 40 zuwa 20 MHz, yana rage hayaniyar da rediyo ke ji da kusan 3 dB, kyamarori suka daina tsayawa in ba a yi ruwa ba. Alhaji dai ya fara cewa "Injiniya anya kayan nan ba jabu ba ne?"

Wata Asabar an yi ruwa da asuba gari ya washe tas, na hau tsani da abin hangen nesa da na ara wajen wani abokina. Karon farko kenan da na ga hanyar da idona tun daga gona har gari. Benen Alhaji na nan ana gani, tankin ma ana gani, amma dab da ƙasan layin, ɗan hagu kaɗan, ga wata ƙatuwar kuka ta cika da ganye kore shar. A Janairu kukar nan tsirara take, rassa ne kawai, ga hazo, kuma Google Earth ƙasa yake auna maka, bai san tsayin bishiya ba.

Za ka ce to ai ana ganin benen. Sigina ba zare ba ne, tafiyarsa kamar gora take, siriri a baki biyu mai kumburi a tsakiya, shi ake kira yankin Fresnel, kuma ana so aƙalla kashi 60 na kumburin ya zama babu komai a ciki. Na hau babur na je na ɗau lambar wurin kukar, kilomita 2 daga gona, 5 daga gida. A daidai nan kumburin ya kai mita 8 da rabi kowane gefe, kashi 60 ɗinsa mita 5 da ɗan wani abu. Kan kukar bai fi mita 1 ko 2 da tsakiyar layin ba. Busasshen reshe bai cika damun sigina ba, amma ganye ruwa ne a cikinsa, in kuma ya jiƙe abin ya ninku, shi ya sa sai ya bushe lamba ke dawowa.

Ƙarshen Yuli: sare, ɗagawa, ko matsawa

Alhaji ya ce a je a biya mai ita a rage mata kai. Muka je da manajan gona, wani dattijo ne yana cikin gonarsa ta gero, muka gaisa na ce Baba ga abin da ke tafe da mu. Ya saurara har na gama ya ce "Ɗana, kukar nan ni ma tarar da ita na yi, miyar gidana ta shekara a kanta take, in kaka ta yi za mu sassabe ganye mu shanya, kafin nan kam a yi haƙuri." Ba mu ja ba. Ko ya yarda ma baɗi za ta sake tohowa.

Sai ɗagawa. Tunda kukar ta fi kusa da gona, in ka ƙara mita 6 a gona layin zai tashi mita 4 da ɗan kai a daidai kukar, in a gida ka ƙara 6 ɗin mita 2 ma ba zai cika ba. Kenan gona za a ɗaga, kuma fayif mai mita 12 ba zai tsaya wa iskar Gombe ba sai an gina hasumiya, da Alhaji ya ji kuɗin ƙarfe da siminti sai ya yi shiru.

Ina zaune da taswira sai na lura lissafin nan bai ce dole sama ba, gefe ma haka yake. Tankin bohol na gonar yana can ɗaya kusurwar, mita 30 dama da ofis, ƙafarsa ƙarfe ce mai kauri, tsayinsa ya ɗan fi fayif ɗinmu. In rediyo ya koma can, layin zai matsa kusan mita 21 daga inda yake a daidai kukar, ya fita daga inuwarta gaba ɗaya. Na hau tankin na duba, fili fetal har bene, kukar ta koma can hagu.

Farkon Agusta: sakamako

Muka sa mai walda ya like guntun fayif mita 2 a jikin ƙarfen tankin, ba a jikin dandamalin da ake takawa ba don yana motsi. Sabon kebul mita 55, bai kusa iyakar mita 100 da kebul ɗin netwok ke da ita ba, akwatin tsawa da sandar ƙasa suka biyo shi. Saiti minti ashirin, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Na gida ko taɓa shi ba mu yi ba da farko, matsawar mita 30 a kilomita 7 rubu'in digiri ne kawai. Lamba -60, hannaye biyu -60 da -61. Na maida ƙarfin rediyo 20, faɗin tasha 40. A satin aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, mafi munin da na gani -62. Har aka shiga Oktoba bai yanke ba sai ranar da batirin gona ya ƙare.

Abin da na gani bayan an gama

Matsala huɗu ce daban daban amma a wajen Alhaji duk sunansu ɗaya, hoto ya tsaya, shi ya sa yake ganin kayan ne. Rediyon kuwa tun ranar farko lafiyarsu ƙalau, wanda na aro ma wahalar banza na ba kaina. Uku daga ciki laifina ne kai tsaye, na bar takardar lissafi a gida na ɗaure a -79, na karɓi kebul ɗin da ban kankare ba, na yarda da siririn fayif ba ɗauri a garin da na san iskar Afrilu. Ta kukar ce kawai zan ce akwai uzuri, shi ma rabi, don da na hau babur na bi layin nan a Janairu da na gan ta, kuma duk ɗan ƙauye ya san kuka ba ta zama tsirara har abada. Ƙure ƙarfi da canza tasha da na yi ta yi a Yuli ba abin da suka gyara saboda ba a nan ciwon yake ba, tun ranar da hannayen nan biyu suka rabu da 7 dB ya kamata in san wani abu ne a hanya.

Giɓin ƙwai ya ragu, manaja ya canza mai riƙe makullin sito, wannan kuma tsakaninsu ne. Ni abin da na rubuta a littafina shi ne akwai wani gawo kusa da sabon layin, wajen kilomita 1 daga tanki, a Agusta ba ganye ko ɗaya a kansa don shi gawo da rani yake fitar da nasa, na auna yana nesa da layin da kusan mita 12 wanda ya kamata ya isa, amma na ce wa yarona ya riƙa turo min lambar duk Juma'a daga Nuwamba.